Injin Peugeot 504 a matsayin janareta: wa ya taɓa gwadawa?

MaiƘanƙara_Gusau
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar inji da lantarki a wannan zaure. Ina da shagon ƙanƙara da ruwan sanyi, da firiza takwas da famfon rijiyar burtsatse mai ƙarfin doki ɗaya da rabi, kuma ƙaramin janaretan fetur da nake amfani da shi ya gaji, ba ya iya ɗaukar firizojin duka a lokaci guda. A gida muna da tsohuwar Peugeot 504 ta marigayi mahaifinmu, jikinta ya ruɓe amma injin lafiyarsa lau, domin ko a watan jiya mun sa batir mun tashe shi. Wani mai walda ya ce in sayi kwayil, wato kan janareta mai samar da wuta, mai kVA 10, shi zai haɗa firam ya ɗora injin a kai, a ja kwayil ɗin da bel, in huta da sayen sabon janareta. Kafin in zuba kuɗina ina so in ji daga bakin wanda ya taɓa yi. Shin wutar tana tsayawa daidai, kuma man da injin zai sha ba zai cinye ribar ƙanƙarar ba?

Bakanike_Panteka
Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya jiƙan mahaifi. Abin da mai waldar ya faɗa maka ana yin sa, ni kaina na haɗa irin wannan da hannuna fiye da sau ɗaya, yawanci ga masu walda da masu injin niƙa. Injin 504 yana da abubuwa biyu da suke taimakonka. Na farko, kafireto ne da shi, babu ƙwaƙwalwar lantarki da za ta ƙi tayar da inji saboda an raba shi da jikin mota, kamar yadda injinan zamani suke yi mana. Na biyu, motar an daɗe ana harhaɗa ta a nan Kaduna kafin a daina, saboda haka kayan gyaranta ba sa wuya a Panteka ko a Ƙofar Ruwa ta Kano. Sai dai ban ji ka ambaci gwamna ba, wato na'urar daidaita gudun inji, kuma idan mai waldar bai ambace shi ba, to bai gama yi maka lissafi ba.

Injiniya_Sabo
Maganar gwamna da Malam Bakanike ya kawo ita ce gundarin al'amarin, saboda haka bari in ɗan tsawaita a kanta. Wutar da muke amfani da ita a Najeriya da Nijar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, abin da ake rubutawa Hz 50, kuma wannan juyin ba daga ko'ina yake fitowa ba sai daga gudun da kwayil yake yi. Kwayil mai fuskar maganaɗisu huɗu dole ya yi zagaye 1500 a minti, mai fuska biyu kuma zagaye 3000. Idan gudun ya sauka zuwa 1350, wutarka ta koma Hz 45, idan ya hau 1800 ta koma Hz 60.

To, injin mota ba a ƙera shi don ya riƙe gudu ɗaya da kansa ba. A cikin mota ƙafar direba ce gwamna: ya iso hawa ya ƙara totur, ya iso gangara ya sassauta. A janareta kuwa, hawan shi ne lokacin da firiza ta tashi, gangarar ita ce lokacin da ta tsaya, kuma da firiza takwas wannan hawa da sauka ba ya ƙarewa dare da rana. Idan ka ɗaure totur a wuri ɗaya, kaya na hawa inji zai durƙushe, kaya na sauka zai kwasa da gudu. Gwamna shi ne na'urar da take jin gudun injin tana ja ko sakin totur cikin ƙiftawar ido. Akwai na ƙarfe mai ƙwallaye da sifirin da ake ja da bel, akwai na lantarki mai ƙirga haƙoran fulawil. Na ƙarfe a kan saita shi a wajen zagaye 1560 ba kaya, wato Hz 52, domin idan kaya ya hau ya sauko ya zauna kusa da 50.

Ɗan_Tasha77
Ni a ganina an tsananta. Yawancin kwayil na yanzu suna zuwa da AVR, na'urar daidaita ƙarfin wuta, kuma idan aka ƙara da sitabilaiza babba a bakin shagon ai wutar za ta daidaita ko da injin yana hawa yana sauka. Haka na ga wani maƙwabcinmu ya yi, fitilunsa ba sa ko ƙyaftawa.

Injiniya_Sabo
Ɗan'uwa, a nan ne mutane da yawa suke yin asara. AVR da sitabilaiza ƙarfin wuta kawai suke gyarawa, wato su riƙe ta a wajen bolt 230, amma ba su da iko a kan Hz ko kaɗan. Fitila ba ruwanta da Hz, shi ya sa na maƙwabcinka suke haske lafiya. Kwamfaresar firiza da famfon ruwa kuwa motar lantarki ce a cikinsu, wato na'urar da wuta take juyawa, gudunta yana bin Hz. Idan Hz ya faɗi alhali sitabilaiza ta riƙe bolt a sama, motar za ta ja wuta fiye da ƙima, ta yi zafi, wayar cikinta ta ƙone a hankali. Mai shagon ba zai ga alamar komai ba sai ranar da ya tarar da ƙanƙara ta narke.

MaiWalda_Funtua
Abin da Injiniya ya faɗa ya faru a kaina. Nawa injin Golf ne na fetur, na ɗaure totur da wayar birki da ɗan noti da nake murzawa, kuma shekara da shekaru ina walda da shi ba tare da wata matsala ba, domin walda ba ta da tsirfa, idan inji ya nauyaya sai yarona ya ƙara masa wuta. Wata rana maƙwabciyata mai sayar da zoɓo da kunun aya ta roƙe ni in ja mata waya zuwa firizarta, na ja mata don zumunci. Duk lokacin da na ɗora sandar walda a kan ƙarfe sai inji ya durƙusa, na ɗaga kuma ya yi ƙara sama. Ba a yi wata biyu ba kwamfaresarta ta ƙone, kuma ni na biya rabin kuɗin gyara don kunya. Saboda haka Alhaji, abokin sana'ata da ya ba ka shawara ba ƙarya ya yi maka ba, sai dai da idon mai walda ya dubi abin.

MaiƘanƙara_Gusau
Na gode ƙwarai, lallai na ƙaru. Ashe da na sayi kwayil kawai da na jawo wa firizojina ajali. Malam Bakanike, a ina ake samun gwamnan, kuma bel ɗin da aka ce a ja kwayil da shi shi ne hanya mafi kyau?

Bakanike_Panteka
Na lantarki masu sayar da kayan manyan janareta suna da shi, saiti ne guda uku: akwatin sarrafawa, da ɗan ƙarfen da yake karanta fulawil, da hannun da yake jan totur. Na ƙarfe kuwa a kan ciro shi daga tsofaffin injinan ban ruwa, kuma ya fi sauƙin gyara a wurinmu.

Game da bel, ni ba na son sa a injin mota idan akwai wata hanya. Kiranshaf ɗin mota an yi shi ne ya tura ƙarfi kai tsaye zuwa giyabos, ba a yi shi don a ja shi ta gefe ba, kuma bel mai ɗaukar kilowat takwas yana buƙatar ɗauri mai tsanani wanda yake cin metal ɗin baya. Idan dole sai bel, a sa wani shaf dabam a kan boris biyu, fuli ya zauna a kansa, injin ya juya shaf ɗin ta kofulin mai roba. Lissafin fuli kuwa mai sauƙi ne: idan injin yana zagaye 2000 da fuli mai inci shida, kwayil yana buƙatar mai inci takwas kafin ya yi 1500.

Amma tunda motar tana nan gaba ɗayanta, ka bar giyabos ɗin a jikin injin. 504 da ƙafafun baya take ja, don haka ƙarfin yana fita a miƙe ta bayan giyabos, sai a gajarta farfela a haɗa ta da kwayil. A giya ta huɗu gudun inji da na farfela ɗaya ne. A giya ta uku injin zai yi wajen zagaye 2100 kafin farfela ta yi 1500, inda ya fi ƙarfin ɗaukar kaya na bazata, amma ya fi shan mai da ƙara. Ga kuma kulochi, wanda zai ba ka damar tayar da inji ya yi ɗumi kafin ka ɗora masa kwayil.

Malam_Lissafi
Duk an yi magana a kan yadda za a haɗa, amma tambaya ta biyu ta Alhaji, wato ta mai, har yanzu ba a taɓa ta ba, alhali ita ce za ta yanke hukunci. Firiza takwas, idan kowace tana cin wajen wat 250, kilowat biyu ke nan. Famfon zai ci kusan kilowat ɗaya da rabi yayin da yake aiki. Da fitilu da fanka, duka kayan ba za su wuce kilowat huɗu ba, kuma yawancin lokaci ƙasa da haka ne tunda famfo ba ya kwana yana aiki.

Injin 504 mai lita biyu an rubuta masa ƙarfin doki casa'in da wani abu, amma wannan a zagaye sama da 5000 ne. A zagaye 1500 bai kai kashi ɗaya cikin uku na wannan ba, duk da haka ya ninka abin da ake buƙata, domin kwayil mai kVA 10 kilowat takwas ne a zahiri, kuma doki goma sha uku sun ishe shi ko da an cika masa kaya. Matsalar ita ce injin fetur ya fi ɓarnar mai idan totur ɗinsa a kusan rufe yake, saboda yana kashe ƙarfi wajen zuƙo iska ta ƙaramar kafa da juya fistin huɗu da fanka da famfon ruwa, ko da kaya ko babu. Litar fetur tana ɗauke da zafin da ya kai kusan kilowat tara na awa guda. Inji mai cikakken kaya zai iya mayar da kusan rubu'in wannan ya zama lantarki, wanda aka yi wa ƙaramin kaya kuwa da ƙyar ya wuce rabin haka. A lissafina Alhaji zai riƙa ƙona lita uku ko kusa da haka a kowace awa don ya samu abin da injin gas, wato dizal, da ya dace da kayan zai ba shi da kusan lita ɗaya da rabi. Kafin a cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da lita ba ta kai naira 200 a gidan mai ba, ana iya kawar da kai. Cikin wata biyu ta kai naira 617, kuma tun daga nan lissafin ya sauya.

Sabon_Tunani
Me zai hana a cire injin gaba ɗaya? Na ga ana nuna janaretan da ba ya shan mai, inda motar lantarki take juya kwayil, kwayil ya ba da wuta, a ɗebi kaɗan a mayar wa motar, sauran a yi amfani da shi. Idan aka sa fulawil mai nauyi a tsakani an ce ba ya tsayawa.

Malam_Lissafi
Yana tsayawa, ɗan'uwa, kuma ba da jimawa ba. Motar lantarki tana mayar da abin da bai kai abin da ta ci ba, kwayil ma haka, saboda kowanne yana zubar da wani kaso ya zama zafi a waya da boris. Idan ka ba motar wat 1000, abin da zai fito daga kwayil zai yi wajen 700, to da me za a ciyar da motar, balle a samu ragowa? Fulawil ajiya yake yi, ba ya haifar da ƙarfi. Duk wanda ka gani yana aiki, ka nemi inda aka ɓoye batir, ka kuma tsaya har batirin ya ƙare.

Ummu_Hanifa
Ku gafarce ni, ni ba masaniyar inji ba ce, ma'aikaciyar jinya ce, amma akwai abin da nake so Alhaji ya sa a lissafinsa tun kafin a kafa firam. Hayaƙin injin fetur yana ɗauke da iskar da ake kira kabon monokzayid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar numfashi sau fiye da ɗari biyu. Mutum zai fara da ciwon kai da jiri da kasala, ya ɗauka gajiya ce ko zazzaɓi, ya kwanta, daga nan ba ya iya tashi. Na taɓa karɓar yara biyu masu gadin shago da aka kawo a sume, saboda an shigar da janareta cikin lungun shagon don tsoron ɓarayi aka rufe ƙofa, kuma ɗaya daga cikinsu bai farfaɗo ba. Wancan ƙaramin janareta ne, ina ga injin mota mai fistin huɗu. Idan akwai yaran da suke kwana a shagon, don Allah a yi wa injin ɗakinsa dabam a waje.

Bakanike_Panteka
Gaskiyarki, Malama, kuma tsohon inji mai kafireto ya fi na zamani fitar da wannan iska. Salansa dole a ƙara mata bututu ta fita waje ta yi sama, nesa da taga, a kuma sa guntun bututu mai lanƙwasuwa a tsakani don kada girgiza ta tsaga waldar hayaƙi ya riƙa yoyo a ciki.

Ɗakin ma kada a toshe shi, domin zafi shi ne abu na biyu da yake kashe irin waɗannan injina. Mota tana tafiya iska tana dukan lagireto, amma inji a tsaye ba shi da kowa sai fankarsa, ga zafin Afrilu da Mayu da yake haura digiri 40 a Gusau. Ni nakan sa lagireton babbar mota, in yi masa rumfar kwano da za ta tilasta iskar fanka ta bi ta cikinsa, in juya shi yadda iska mai zafi za ta fita waje ba ta dawo ba. Wasu suna amfani da duro cike da ruwa maimakon lagireto, yana aiki, amma ruwan rijiya yana tara farar ƙasa a cikin inji. Abu na ƙarshe, a mota direba yana ganin jar fitila ya tsaya, a janareta ba mai kallo, don haka a haɗa makunnin zafi da na ƙarfin baƙin mai yadda za su yanke wutar fulogi da kansu.

Issoufou_Maradi
Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Mu a nan mun koyi wannan darasi a 2023, lokacin da aka yanke wutar da take zuwa mana daga Najeriya bayan juyin mulkin watan Yuli, alhali a lokacin mafi yawan wutar ƙasarmu daga can take zuwa. Masu ƙanƙara da masu niƙa da yawa sun koma ga injinan mota, kuma waɗanda suka jure su ne na gazuwal, wanda kuke kira gas. Wana ya yi amfani da injin tsohuwar Mercedes 240D. Wannan injin ba ya buƙatar lantarki da zarar ya tashi, famfon mansa na ƙarfe ne, kuma gudunsa bai cika rawa kamar na fetur ba idan kaya ya hau, ko da yake shi ma sai da aka ƙara masa gwamna, saboda wanda yake cikin famfon mota yana kula ne da gudun zaman banza da iyakar gudu kawai. Shawarata ga Elhaji ita ce ya sayar da injin 504 ga masu buƙatarsa, ya cika kuɗi ya nemi na gazuwal.

Injiniya_Sabo
Na yarda da Malam Issoufou a kan gas, amma da sharaɗi. Injin gas mai lita biyu da ɗigo huɗu a kan kilowat uku shi ma ya yi girma. Idan ya daɗe yana aiki ƙasa da kashi talatin cikin ɗari na ƙarfinsa, cikinsa ba ya yin zafin da zai ƙone mai sarai, sai ka ga baƙin ruwa mai danƙo yana tsiyaya daga salansa, nozul suna toshewa, ringi suna kamawa. Ga kayan Alhaji, injin gas mai fistin ɗaya irin na masu niƙa, mai ƙarfin doki goma sha biyu zuwa sha biyar, ya fi dacewa, kuma shi da gwamnansa yake zuwa daga masana'anta.

MaiƘanƙara_Gusau
Maganar sayar da injin tana da nauyi a wurina, domin na gado ne kuma ƙannena suna da haƙƙi a ciki, sun yarda ne in yi amfani da shi ba in sayar ba. Shi ya sa nake ta neman hanyar da zai yi aiki. Malama Ummu Hanifa, na gode, yara biyu ne suke kwana a shagon, kuma a baranda mai waldar ya ce a kafa shi.

Gas_Zalla
Idan injin ba zai sayu ba, to a sauya masa abinci. Injin kafireto ya fi kowanne sauƙin mayarwa ga iskar gas ta girki, abin da ake buƙata shi ne na'urar rage ƙarfin iskar da ake ɗumamawa da ruwan inji, da mahaɗin iska a bakin kafireto. Kilo ɗaya na iskar girki yana daidai da kusan lita ɗaya da ɗigo huɗu na fetur a ƙarfi, saboda haka Alhaji ya tambayi farashin biyun a Gusau ya auna da kansa. Baƙin mai yana daɗewa bai yi datti ba, fulogi ma haka. Illarsa ita ce tsofaffin injina mazaunin bawul ɗinsu yana cinyewa da sauri a kan gas, sai a riƙa duba gibin bawul a kai a kai. Kuma kada wani ya ruɗe ku ku ɗura CNG, wato matsattsiyar iskar gas ta motoci, a tukunyar girki, domin ita CNG a kan matse ta har "bar" 200 a ma'aunin matsi, tukunyar girki ba a yi ta don ko kusa da haka ba.

Maja_SabonGari
Ni ta wata fuska na kalli abin. Malam Lissafi ya ce injin ya fi ƙarfin kayan, to me zai hana a ƙara masa kaya? Mu a Kano abin da muke kira maja ke nan, mutum ɗaya ya kafa babban inji ya raba wa shaguna wuta, kowa ya biya gwargwadon abin da ya kunna. Idan a layin Alhaji akwai teloli da masu aski da masu cajin waya, ya sayi kwayil mai kVA 15 maimakon 10, ya ja musu layi da fiyus ga kowane shago, kuɗinsu ya biya mai, ƙanƙararsa ta daskare a kusan kyauta. Dokar lantarki ta 2023 ma ba ta neman lasisi ga wanda abin da yake samarwa bai wuce megawat ɗaya ba, kuma rabawarsa ba ta wuce kilowat 100 ba. Sharaɗi ɗaya ne, kada ya karɓi mai walda, da izinin Malam na Funtua.

MaiWalda_Funtua
Ba ka yi laifi ba, ni ma da ni ne ba zan karɓi kaina ba.

Ma'aikacin_Layi
Tunda an zo maganar raba wuta, ina roƙo a madadin masu hawa falwaya. Duk wanda zai haɗa janareta da wayoyin gini ya sa makunnin canji mai raba wutar layi da ta inji gaba ɗaya, ba wai a cusa waya a soket ba. Idan wutar janareta ta koma kan layi, taransifoma tana aiki ta baya, ta ɗaga bolt 230 ɗin nan zuwa 11,000 a kan wayar da ma'aikaci yake riƙe da ita yana zaton a kashe take. Idan kuma aka dawo da wuta alhali injin yana haɗe, kwayil ɗin ne zai fara ƙonewa. Firam ɗin da jikin kwayil a haɗa su da sandar ƙasa, musamman a shagon ƙanƙara inda daɓe kullum a jiƙe yake kuma yara suna yawo ba takalmi.

Rana_Kyauta
Ina mamakin yadda aka yi wannan doguwar tattaunawa ba wanda ya ambaci sola. Ƙanƙara ita kanta ajiyar sanyi ce, saboda haka ba sai an sayi batir da yawa ba. A sa faranti da inbata su tafiyar da firizoji daga hantsi zuwa la'asar, lokacin da rana ta fi ƙarfi kuma aka fi buƙatar sanyi, a yi famfon ruwa da tsakar rana, sannan injin 504 ya yi awa uku ko huɗu da dare da cikakken kaya. Ta haka ɓarnar man da Malam Lissafi yake tsoro za ta ragu sosai.

Malam_Lissafi
Wannan ta fi kama hankalina, ita da ta maja, domin dukansu suna gyara abu ɗaya ne, wato kada injin ya yi ta juyawa da ƙaramin kaya. Sai dai kuɗin farko na sola mai ɗaukar firiza takwas ba ƙarami ba ne, kuma mutumin da yake neman ceto tsohon inji don ya kauce wa sayen janareta ba lallai yana da su a hannu ba. Har yanzu ina ganin idan aka tara kuɗin kwayil da gwamna da lagireto da firam da ginin ɗaki, an kusa kuɗin injin gas mai fistin ɗaya da kwayil ɗinsa.

Bakanike_Panteka
Malam, lissafinka na mai ban musa ba, amma akwai abin da alƙalami ba ya gani. Injin fistin ɗaya da ake kawowa yanzu, idan yana aikin awa goma sha biyu kullum, ba ya daɗewa sai an buɗe shi, ga girgiza da take kwance noti tana tsaga firam, ga ƙarar da maƙwabta ba za su yafe ba. Injin 504 a zagaye 1500 kamar mutum ne yana tafiyar ƙasaita, ba ya wahala, kuma duk bakaniken da ke Gusau ya san cikinsa. Ranar da ya lalace da safe, kafin azahar an gyara, ƙanƙara ba ta narke ba. Wannan ma kuɗi ne.

Injiniya_Sabo
Akwai wani amfanin girman injin da ya kamata a faɗa don adalci. Motar lantarki tana jan ninki biyar zuwa bakwai na wutarta a daƙiƙar da take tashi, kuma wannan ne ya sa ƙaramin janaretan Alhaji yake durƙushewa, ba don jimillar kayan ta fi ƙarfinsa ba. Babban inji mai fulawil mai nauyi yana haɗiye wannan bugun ba tare da Hz ya faɗi sosai ba. Duk da haka kada a kunna firizojin a lokaci guda, a fara da famfo, sannan a bi su ɗaya bayan ɗaya. Kuma Alhaji ya tabbata kwayil ɗin da zai saya mai layi ɗaya ne. Idan ya sayi mai layi uku mai kVA 10, kowane layi kashi ɗaya cikin uku kawai zai ba shi, sai ya raba firizojin daidai a kan layukan.

MaiƘanƙara_Gusau
Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga inda na tsaya a yanzu: zan ari mita in auna abin da kowace firiza take ja na kwana uku, zan tambayi teloli huɗu da mai aski da ke layinmu ko za su shiga maja, zan kuma kai wa mai waldar maganar giyabos da gwamna in ji abin da zai ce. Baranda kam an fasa. Abin da ban gane ba shi ne juyen baƙin mai, tunda babu mitar kilomita da zan duba.

Bakanike_Panteka
Da awa ake ƙirgawa, Alhaji. Ka sa mitar awa a jikin firam, ba ta da tsada. Awa 100 a wannan gudun kamar tafiyar kilomita dubu biyar zuwa shida ce, don haka ni nakan ce a juye tsakanin awa 100 zuwa 150 a kan fetur, a canza filta tare. Idan kana aikin awa goma a rana, kusan duk mako biyu ke nan, ka sa wannan ma a lissafin da za ka yi wa telolin. Lokacin hunturu kuma filtar iska kullum a kakkaɓe ta.

Issoufou_Maradi
Kafin ka sayi komai, Elhaji, ka sa a auna matsin kowane fistin. Inji da ya daɗe a ajiye yana iya tashi lafiya ba kaya, amma a ɗora masa kilowat biyar na awa guda ya fara hayaƙi yana shan baƙin mai. Shekara nawa motar ta yi a tsaye?

MaiƘanƙara_Gusau
Shekara shida ke nan tun rasuwar Baba, amma ƙanena yakan tashe ta lokaci zuwa lokaci. Zan kira bakanike ya auna ranar Asabar, in Allah ya yarda, in kawo muku abin da ma'aunin ya nuna.